Wa ke da ikon cewa aiki ne ya ba shi cutar? Lamarin wani mai yankan dutse a Jidda

Mutumin da wannan nazari ya shafa Bahaushe ne ɗan ƙasar Nijar, magidanci, shekarunsa sun haura 40, yana zaune da iyalinsa a kudancin Jidda. Na ɓoye sunansa, da na kamfanin da yake wa aiki, da na asibitocin da ya bi. Yana da iƙama mai rai, wato takardar izinin zama, kuma kafilinsa, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa, ya yi masa rajista da hukumar inshorar ma'aikata ta Saudiyya, wadda mutanenmu a nan suke kira Ta'aminat, wasu kuma GOSI. Wannan rajistar ce ta raba shi da ɗimbin 'yan'uwa da ke irin aikinsa a bayan fage, kuma ba don ita ba da maganar ta mutu tun ba ta fara ba.

Ya haura shekara 10 a wata warsha da ake yanka duwatsun ado. Da farko mabul ne da giranit na matakala da daɓe. Daga baya yayi ya juya, masu gidaje suka koma son dutsen haɗi na masana'anta, wanda ake shimfiɗawa a kan kantar kicin, sai warshar ta bi kasuwa. Babban injin yanka da ruwa yake aiki, ƙurarsa ba ta tashi sosai. Shi kuwa aikinsa gyaran baki ne da huda gurbin wurin wanke-wanke, da injin hannu da ake ce wa saruk, kuma a bushe ake yin wannan, sau da yawa a gidan mai saye, cikin kicin ɗin da ba a gama ba. Takunkumin da ake ba su na takarda ne, in gumi ya jiƙa shi sai a sauke shi wuya. Matarsa ta ce yakan shigo gida gira da gemu fari fat, kamar wanda ya wuni a injin niƙa.

Ciwon ya fara da busasshen tari da ba ya jin magani, sai haki in ya hau bene, sai rama. Likita na farko da ya gani a wani mustausaf ne, wato ƙaramin asibitin unguwa. Ya saurari ƙirjinsa, ya ce hasasiyya ce, wato alaji, ya rubuta masa abin shaƙa da maganin tari. Ba zan ce ya yi ganganci ba, domin mafi yawan masu tarin da ke zuwa gabansa abin da ke damunsu ke nan. Abin da bai yi ba shi ne tambayar mutumin wane irin aiki yake yi.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya je babban asibiti aka ɗauki hoton ƙirji. Hoton ya nuna ƙananan ɗigo-ɗigo barbaje a saman huhun biyu. Likita na biyu ya yi zargin tarin tibi, kuma zargi ne mai tushe: ga tari, ga rama, ga tabo a saman huhu, ga mutum daga ƙasar da tibi ke da yawa, kowane likita daga nan zai fara. Aka karɓi kakinsa aka gwada, ba a ga ƙwayar cutar ba, aka ce ya dawo a sake. Bai koma ba. Kalmar tibi tana da nauyi a kunnen baƙo a ƙasar nan, saboda mutanenmu sun yi imani duk wanda aka rubuta wa ita iƙamarsa ta shiga haɗari, ga kuma gudun maƙwabta. Ya koma gida ya yi gum, ya shiga shan habbatus sauda da zuma da jiƙe-jiƙen da aka aiko masa daga gida, yana kuma zuwa warsha kullum yana shaƙar abin da ke cinsa. Wannan shirun ya ci kusan shekara, kuma shi ne asara mafi girma a duk labarin.

Ɗan 'yar'uwarsa ne, saurayi haifaffen Jidda da ya yi makaranta a nan, ya matsa masa har suka je wurin ƙwararren likitan ƙirji. Likitan ya duba tsohon hoton, ya tambaye shi aikinsa. Ya ce a kamfani yake. Likitan ya dubi fayil, sana'ar da ke rubuce a iƙama direba ce. Da maganar ta tsaya nan, ba don yaron ya juya ya ce masa da Hausa: "Kawu, ba abin da ke takarda yake tambaya ba. Faɗa masa abin da hannunka ke yi daga safe zuwa magariba." Sai ya faɗa: saruk, dutsen kicin, ba ruwa, ƙura har ba ka ganin na kusa da kai. Likitan ya sa aka yi masa hoton CT da gwajin busa mai auna ƙarfin huhu, aka sake gwajin tibi don a tabbata babu shi, sannan ya rubuta rahoto cewa abin da ya gani ya yi daidai da silikosis.

Silikosis tabon huhu ne da ƙurar silika ke haifarwa. Silika ma'adini ne da ke cikin yashi da duwatsu masu yawa. In aka yanka dutse ko aka goge shi a bushe, ƙurar da ta fi haɗari ita ce wadda ido ba ya gani, domin ita ke wucewa har ƙarshen hanyoyin iska ta zauna. Jiki ya yi ƙoƙarin kawar da ita ya kasa, sai ya kewaye ta da tabo, tabon kuma yana iya ci gaba da yaɗuwa ko bayan mutum ya bar aikin. Duwatsu kuwa suna suka tara. Mabul na ainihi silikarsa kaɗan ce ƙwarai, giranit ya fi shi nesa ba kusa ba, dutsen haɗi kuma da yawa daga cikinsa silikar takan haura kashi 90 cikin 100. Shi ya sa wanda ya shekara da shekaru yana yanka mabul lafiya lau zai iya kwantawa bayan 'yan shekaru kaɗan a kan dutsen kicin. Ƙasar Ostireliya ta ga yadda matasan ma'aikata ke kamuwa, har ta haramta dutsen haɗi daga 1 ga Yuli 2024. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sa ƙurar silika cikin abubuwan da tabbas ke jawo sankara tun 1997. Cutar ba ta da maganin warkewa, sai dai a raba mutum da ƙurar a rage masa wahala. Tana kuma buɗe wa tibi ƙofa, don haka likita na biyu bai yi nisa da gaskiya ba, kuma mai silikosis yana bukatar a riƙa duba shi kan tibi har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne yadda ake gane cutar. Babu gwajin jini da zai ce ga silikosis. Hoto yana nuna tabo, amma ba ya faɗin daga ina tabon ya fito, domin tibi mai barbazuwa da wata cuta da ake kira sarkoyidosis suna iya kama da shi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma sai da ta fitar da ma'auni na musamman na karanta hotunan huhun masu shaƙar ƙura, saboda likitoci sukan saɓa a kansu. Likita yana haɗa hoton da tarihin aikin mutum, ya kore sauran cututtuka, sannan ya kira suna. Ma'ana, rabin ganewar ba ta hannun likita, tana bakin marar lafiya. Likitoci biyun farko sun yi aiki da rabi ɗaya ne kawai.

Takarda ta ci karo da takarda

Iyalin sun ɗauka an gama. Ga rahoton ƙwararre da hatimi, sai a kai wa kamfani ya biya diyya. Mudirin kamfanin, wato manajansa, ya karanta ya ce wannan likitanku ne, mu ma muna da namu. Aka tura mutumin wani mustausaf da kamfanin ke hulɗa da shi, ya fito da takarda mai cewa tsohon tari ne irin na masu shan taba. Ya taɓa sha a ƙuruciya, ya daina da daɗewa. Daga nan sai tayi ya biyo baya: a ba shi hakkin ƙarshen aiki, da tikiti, da ɗan ƙari na jinya, ya sa hannu a mukalasa cewa ba ya bin kamfani komai, a buga masa huruj niha'i, wato bizar fita ba dawowa, ya koma gida. Wani dattijo a unguwar, wanda ya ga jiya ya ga yau, ya ce masa: "Ɗana, karɓi abin da Allah Ya ba ka ka je ka yi jinya cikin danginka. Jayayya da kafili ba ta da riba." Ba da mugunta ya faɗa ba. Abin da idonsa ya gani a zamaninsa ke nan.

Dukkan ɓangarorin biyu sun yi kuskure iri ɗaya. Iyali suna ganin takardar ƙwararre hukunci ce da ta hau kan kamfani. Mudir yana ganin takardar likitansa ta goge ta. A tsarin Saudiyya babu ɗaya daga cikin likitocin nan da ke da ikon yanke wannan magana, kuma ma ba kamfanin ne mai biyan diyyar ba.

Dokar Ta'aminat ta fara fitowa a 1969, reshenta na haɗurran aiki ya fara aiki a 1982, aka sabunta dokar a 2000. Wannan reshe ya haɗa ɗan ƙasa da baƙo ba bambanci wajen rajista, kuma mai kamfani ne kaɗai ke zuba kuɗinsa, kashi 2 cikin 100 na albashin da aka yi rajista da shi. Ba a cire wa ma'aikaci ko halala ɗaya. Dokar ƙwadago ta 2005 ita ma tana da babi kan raunin aiki, amma mada, wato sashe, ta 132 ta ce babin bai shafi kamfanonin da ke ƙarƙashin reshen haɗurra na Ta'aminat ba. To warshar nan tana ƙarƙashinsa. Don haka jinya da diyya a wuyan Ta'aminat suke, kuma ita ke da jadawalin cututtukan sana'a, wanda cututtukan ƙurar huhu irin su silikosis ke cikinsa. Katin inshorar lafiya da kamfani ke raba wa ma'aikata wani abu ne daban, kuma mutanenmu da yawa suna cakuɗa su biyun.

A nan ya kamata a raba abubuwa biyu da baki ke haɗawa. Na farko ganin cuta da kiran sunanta. Wannan aikin kowane likita ne mai lasisi daga hukumar da ke tantance ma'aikatan lafiya ta Saudiyya, ko na gwamnati ne ko na kuɗi, ko da kuwa kamfani bai san shi ba. Mai maganin gargajiya da mai ruƙiyya da mai saidaliyya, wato kantin magani, komai sanin da suke da shi, maganarsu ba ta shiga fayil. Na biyu hukunta cewa wannan cutar daga wannan aikin ta fito, da auna yawan nakasar da ta bari. Wannan na kwamitin likitocin Ta'aminat ne, lajna ɗibbiyya, wadda ke da matakin farko a ofisoshin hukumar, da kuma ta ɗaukaka ƙara a samanta. Rahoton ƙwararre shaida ce da ake kai wa lajna, mai nauyi ƙwarai in an rubuta shi da hujja. Takardar likitan kamfani ita ma shaida ce, nauyinta gwargwadon hujjarta. Lajna tana iya karɓar ɗaya ta bar ɗaya, tana iya neman a sake gwaji, tana iya tura mutum wurin wani ƙwararren.

Kada wannan ya sa a raina likitan farko. Doka ta ba ganinsa wani matsayi da mutane ba su lura da shi ba. Wanda ya faɗo daga bene yana da rana da sa'a da za a rubuta. Mai silikosis fa, yaushe ya ji raunin? Dokar ƙwadago a mada ta 134, haka ma dokar Ta'aminat, sun ce ranar da likita ya fara ganin cutar ita ake ɗauka a matsayin ranar rauni. Don haka tsohon hoton nan da aka yi zargin tibi a kansa, wanda mutumin ya so ya manta da shi, ya zama takarda mai daraja. Shi ke nuna cewa tabon yana nan tun yana tsakiyar aiki, yana cikin rajista, tun kafin kowa ya yi maganar diyya balle a ce ƙirƙira aka yi. Yaron ya koma asibitin ya karɓo kwafinsa da rahoton da ke tare da shi.

Akwai ma inda doka ta jingina ga likita mai jinyar kai tsaye. Ga kamfanin da babin dokar ƙwadago ya shafa, mada ta 140 ta ce in mutum ya yi aiki a wurare da dama masu irin wannan haɗari, ana raba alhakin tsakanin tsofaffin iyayen gidansa bisa rahoton likitan da ke jinyarsa, kowa gwargwadon tsawon zaman da ya yi a wurinsa. Wannan bai shafi mutuminmu ba, amma yana nuna cewa amsar tambayar wa ke da iko tana canzawa da tsarin da ma'aikaci ke ciki. Abu na farko da mutum zai bincika ke nan kafin ya ɗaga murya.

Hanyar zuwa lajna

Doka ta sa wa'adi. Ma'aikaci ko wakilinsa ya sanar da mai kamfani cikin kwana 7 daga gano cutar, shi kuma mai kamfani ya sanar da Ta'aminat cikin kwana 3 daga samun labari. Wanda ya yi jinkiri ba tare da uzuri ba yana iya rasa kuɗin jinya na kwanakin da suka wuce kafin sanarwar. Iyalin sun kai rahoton cikin wa'adi, amma da baki da hannu kawai. Yaron ya gyara wannan da rubutaccen saƙo zuwa ga mudir, mai kwanan wata, da hoton rahoton a haɗe. Ya kuma faɗa masa cikin ladabi cewa in kamfani bai kai sanarwar ba za su je ofishin Ta'aminat da kansu. Ya ƙara da abin da ya fi jan hankalin mudirin, wato diyyar ba daga aljihun kamfani za ta fito ba. Kamfanin ya kai sanarwa.

Mukalasar kuwa ba a sa mata hannu ba. Mada ta 8 ta dokar ƙwadago ta soke duk yafewa ko sulhu kan hakkin ma'aikaci muddin kwantiragi na da rai, sai in ya fi masa amfani. Mada ta 82 ta hana korar mutum saboda ciwo kafin ya cinye hutun jinyarsa, wanda mada ta 117 ta tsara: kwana 30 da cikakken albashi, 60 da kashi uku cikin huɗu, 30 ba albashi. Hakkin ƙarshen aiki kuma, rabin albashin wata ga kowace shekara a 5 ɗin farko da cikakken wata ga kowace shekara bayansu, nasa ne ko yana ciwo ko yana lafiya. Tayin da aka yi masa, in ka cire tikiti da ɗan ƙarin, kayansa ne aka miƙo masa da sunan alheri. Amma ni abin da ya fi tsorata ni a tayin shi ne huruj ɗin. Lajna tana son ganin mutum, tana son gwaji a asibitocin da take aiki da su. Wanda ya riga ya sauka Yamai ko Kano, iƙama ta mutu, bibiyar fayil daga can aiki ne ja wur.

Sai babbar matsala ta taso, wadda tun a ɗakin likita ta leƙo: a takarda shi direba ne. Jadawalin cututtukan sana'a yana haɗa kowace cuta da irin aikin da ke kawo ta. Direba ba ya shaƙar silika. Wannan al'ada ta rubuta sana'ar da biza ta zo da ita, ba wadda mutum ke yi ba, ta zama ruwan dare tsakanin baƙi, kuma ba wanda ke jin ciwonta sai irin wannan rana. Dole aka koma tabbatar da abin da kowa a warshar ya sani. Wayarsa ta yi rana: hotunan kicin da ya gama yana tura wa masu gida, saƙonnin WhatsApp na shugaban ma'aikata ɗauke da awon dutse da adireshi, takardun miƙa aiki masu sa hannunsa a gurbin mai haɗawa. Abokan aikinsa biyu suka yarda su ba da shaida, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da abincinsu ke hannun kamfanin. Ƙwararren likitan ma ya sake rubuta rahotonsa dalla-dalla, ya sa shekarun aiki, da irin dutsen, da yankan bushe, da dalilin da ya sa taba ba ta bayyana irin wannan tabon.

Akwai takarda ɗaya da ta kamata ta kasance a fayil amma babu ita. Mada ta 143 ta wajabta wa mai kamfani ya sa likita ya yi wa ma'aikatan da ke fuskantar cututtukan jadawalin cikakken bincike aƙalla sau ɗaya a shekara, ya rubuta sakamakon a fayil ɗinsu. A duk zamansa a warshar ba a taɓa yi masa ba. Da ana yi, da an ga ɗigon farko tun huhun na da sauran ƙarfi, a ɗauke shi daga saruk a mayar da shi wani aiki. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a lamarin, domin dokar tana nan a rubuce, kuɗin hoton ƙirji kuma bai kai na kantar kicin ɗaya ba.

Lajnar farko ta gan shi, ta nemi a sake gwajin busa, ta duba takardun aiki, ta amince cewa cutar ta sana'a ce. Daga nan jinyarsa ta koma kan Ta'aminat, tare da kuɗin kwanakin da bai iya aiki ba, wanda doka ta sa cikakken albashin yini, yana sauka zuwa kashi 75 cikin 100 in mutum na kwance a asibiti a kan kuɗin hukumar. Da jikin ya tsaya wuri ɗaya, lajna ta auna nakasar ta ba shi kason da bai kai rabi ba.

Lissafin diyya yana da ƙa'ida. Baƙo ba a ba shi fansho na wata-wata kamar ɗan ƙasa, dunƙule ake biyansa sau ɗaya. In nakasa ta zama cikakkiya, ko aka rasu, kuɗin wata 84 ne, iyakarsa riyal 330,000. In ta kai rabi amma ba ta cika ba, wata 60, iyakarsa riyal 165,000. In ba ta kai rabi ba, ana farawa daga wata 60 ga wanda bai wuce shekara 40 ba, ana rage wata ɗaya ga kowace shekara da ta hau 40, amma ba a sauka ƙasa da 36. Mai shekara 50 ke nan wata 50 zai samu. Kowane wata kuma ana lissafa shi da kason nakasar daga albashin da ke cikin rajista. A nan iyalin suka sha mamaki na biyu, domin albashin da kamfani ya rubuta wa Ta'aminat ya gaza abin da yake karɓa a hannu. Shekara da shekaru adadin yana nan a manhajar Ta'aminat, ana iya gani a waya, bai taɓa dubawa ba.

Ga wanda bai gamsu da hukuncin lajnar farko ba, doka ta ba shi kwana 21 na aiki daga ranar da aka sanar da shi ya ɗaukaka ƙara zuwa lajna ta sama. Iyalin sun yi shawara sosai a kan wannan. Matarsa tana son a karɓa a huta, ta ce: "Malam, jikinka ba zai ɗauki wannan zirga-zirgar ba." Yaron yana ganin tunda kuɗin sau ɗaya ne, cutar kuma ba tsayawa take ba, kason da aka rubuta yau shi ne zai bi kawunsa har gida. Ƙwararren ya sake gwada numfashinsa, har da gwajin tafiya don ganin yadda iskar jininsa ke sauka in ya motsa, kuma da wannan sabon rahoto suka shigar da ƙara cikin wa'adi.

An tambaye ni ko bai fi adalci a bar likitan da ke jinyar mutum ya yanke hukunci ba, tunda shi ya san shi. Na fahimci mai wannan ra'ayi, amma ban bi shi ba. In aka ce takardar kowane likita ta isa hukunci, to takardar mustausaf ɗin kamfani ma ta isa, kuma mai kuɗi ya fi talaka iya tara takardu. Gara a sami wuri ɗaya da kowa zai kai hujjarsa, mai jadawali a rubuce da ƙofar ɗaukaka ƙara. Inda nake ganin rauni shi ne kafin a kai ga lajna. Lajna ba ta yawo warsha-warsha tana neman masu tari, abin da ya iso gabanta take dubawa. Mutumin nan ya wuce ta hannun likita biyu ba wanda ya ji kalmar dutse daga bakinsa, kuma na uku ma sai da aka yi masa tafinta, ba na harshe kaɗai ba, har da na tambayar kanta. Bahaushe in likita ya ce me kake yi, yakan ba da amsar da za ta rufa masa asiri ko wadda ta dace da iƙamarsa. A ɗakin likita wannan kunya da wannan tsoro suna da tsada.

Duk wannan bayani kuma na wanda ke cikin rajista ne. Masu aikin gida ba sa cikin wannan reshe na Ta'aminat. 'Yan'uwanmu da ke aikin yini a Makka da Jidda ba takarda, masu fasa gini da masu yashi da masu goge tayil, ba su da lajnar da za su je, ko da likitan duniya ne ya rubuta musu rahoto. Wanda kuma ya koma gida da tarin, asusun NSITF na Najeriya da dokar 2010 ta ɗora wa diyyar ma'aikata, da CNSS ta Nijar, an gina su ne kan kuɗin da iyayen gida na can suka zuba, ba za su biya ƙurar da aka shaƙa wa kamfanin Jidda ba. Irin waɗannan sukan ƙare a layin masu tibi, ana ba su maganin wata 6, tari bai tafi ba.

A halin da ake ciki, ƙarar tana gaban lajna ta sama. An ɗauke shi daga yanka, yana zaune a gida yana zuwa ganin likita, kuma iyalin sun tsaya kan cewa ba za a taɓa maganar huruj ba sai hukunci ya fito. Maganar bambancin albashin da ke rajista kuwa sun kai ta daban, ta hanyar ƙorafi. Warshar ta sayo saruk mai haɗe da bututun ruwa bayan sanarwar, ko da yake masu zuwa gidaje har yanzu sukan yi gyaran ƙarshe a bushe in ana sauri. Cikin abokan aikin nan biyu da suka ba da shaida, ɗaya ya nemi kamfani a rubuce ya yi masa binciken shekara da mada ta 143 ta ambata, an kuma ba shi rana. Ɗayan ya ƙi, ya ce yaransa ƙanana ne, ba ya son a gano masa abin da zai raba shi da aiki.